Tiya Biyar da Rabi

Idan ana so a rage cikin tiya, wato kwanon awon hatsi, ba a taɓa bakinta, domin baki shi ne abin da mai saye yake kallo. Kife ta ake yi a ƙasa, a shimfiɗa tsumma a kan gindinta, a samu taɓarya ko guntun icce mai faɗin kai a riƙa bugawa a hankali har gindin ya lotsa ciki. Tsumman shi ke hana sabon tabo ya fito. Daga nan sai a shafa mata toka da ƙasa, ta koma kamar lotsawar yau da gobe ce. In ka cika ta har ta yi tozo, ba mai ganewa da ido. Buhun hatsi mai kilo 100, a awon gaskiya tiya 40 yake bayarwa. Da irin wannan tiya sai ya ba ka 44.

Na ga yadda ake wannan aiki tun ina ɗan shekara 17, a bayan rumfunan ƴan hatsi na kasuwar Tawa, wajen wasu yaran kasuwa da suka girme ni. Ban yi shi da hannuna ba sai bayan shekara 13. Yau na haura 50, ina da surukai, mutane suna kirana Alhaji, wasu har suna kawo mini ajiyar kuɗinsu. Abin ya daɗe yana damuna, a riƙa yaba mini a kan riƙon amana alhali mafi yawan masu yabon ba su san hanyar da na biyo ba. Shi ya sa na ga gara in faɗa da bakina tun ina da rai.

Ni mutumin Adar ne, daga wani ƙauye a ƙasar Keita. Kamar kusan kowane gida a wajenmu, da an gama kaka sai maza su kama hanyar bida, wasu Abijan, wasu Najeriya, daga baya kuma Libiya. Mahaifina Abijan yake zuwa, wani lokaci ya yi shekara biyu ba mu gan shi ba. Mahaifiyata tana cikin matan da suka yi ta jidar duwatsu a kai a aikin farfaɗo da ƙasa da aka soma a Keita a 1984, ana biyan su da abinci. Da na tasa, sai yayanta da ke sayar da hatsi a Tawa ya ce a ba shi ni. Hatsi, in mun faɗa a nan, shi ne abin da ƴan'uwanmu na Najeriya suke kira gero.

Kawu, Allah ya jiƙansa da rahama, ba mai yawan magana ba ne, kuma ban taɓa jin ya zaunar da ni ya yi mini wa'azin ciniki ba. Tiyarsa ɗaya ce, da ita yake saye a ƙauye, da ita yake sayarwa a gari. In mace ta tsaya tana kallon hannunsa da alamar shakka, sai ya miƙa mata tiyar ya ce, "Ungo, auna da kanki." In an gama awo kuma sai ya damƙi hatsi ya ƙara gyara, ko da tiya ɗaya aka saya. Yana da wani littafi mai baƙin bango da yake rubutu a ciki da ajami, sunan gida da sunan ƙauye da abin da suka ɗauka. Yawancin waɗanda ke cikin littafin iyalan ƴan bida ne. Mutum zai zo kafin ya shiga mota ya ce, "Alhaji, ga iyalina nan, in sun zo a ba su, in na samu zan aiko." Ba shaida, ba sa hannu. Kawu ya ce, "Allah ya kiyaye hanya," ya buɗe shafi.

Abu ɗaya da na gani da idona shi ne na watan Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi. Wani mutumin wajen Tamaske ya bar wa Kawu kuɗin buhu shida kafin ya tafi, a riƙa ba gidansa ɗaya-ɗaya. An ba su biyu, sai kuɗi suka karye, kaya suka fara tashi. Maƙwabcinmu na rumfa ya ce wa Kawu ya sake lissafi, ya ba su iya abin da ragowar kuɗin za su saya a sabon farashi, ai ba laifinsa ba ne. Kawu ya ce, "Buhu shida na ce masa. Ban ce masa takarda ba." Ya cika musu huɗun nan cif. A lokacin, gaskiya, a raina na ɗauka Kawu bai iya kasuwa ba.

Bayan rasuwarsa, ƴaƴansa suka bar mini rumfar a kan in riƙa biyan su jarin a hankali. Na gaji rumfa, na gaji tiya, na gaji littafi, na kuma gaji mutanen da ke cikin littafin. Sai dai na karɓa a mugun lokaci. Yaƙin da ya ɓarke a Kodebuwa a watan Satumban 2002 ya tsayar da aike, mutanenmu da yawa suka dawo hannu rabbana, wasu kuma aka daina jin ɗuriyarsu. Littafi ya cika da bashin da ba ranar biya. Ga ni da mata da ƴaƴa biyu, ga magada suna jiran nasu. Sai kuma daminar 2004 ta ɗauke da wuri, fara ta sauka ta cinye abin da ya rage. Tun da kaka kowa ya san shekarar ba za ta yi daɗi ba.

A cikin wannan kakar na sayi sabuwar tiya irin ta Kawu sak, na kai ta gida. Da dare, bayan iyali sun yi barci, na ɗauki taɓaryar matata na shiga bayan ɗaki. Ina tuna tsumman da na shimfiɗa, wata tsohuwar rigar ɗana ce. Ina bugawa ina tsayawa ina saurare, kada wani ya ji. Abin da nake faɗa wa kaina shi ne na ɗan lokaci ne, da na biya magada zan jefar da ita. Na kuma ce ai kowa yana yi, kuma ai ni ma ana cin nawa a bashi. Ɗan damƙi ɗaya a tiya, wa zai kashe? Da safe na kai ta rumfa na ajiye ta a bakin buhu, ta Kawu kuma na tura ta ƙarƙashin tabarma, sai in zan je saye a ƙauye nake ɗauko ta.

Wanda ya ga 2005 a ƙasar nan ba ya bukatar a ba shi labari. Buhun da a shekarar albarka ake samu jaka 10 ko 12 da kaka, wato sefa dubu 10 ko 12, kafin damina ta yi nisa ya kai jaka 30. Tiya ɗaya dala 150, wato sefa 750. Gwamnati ta fitar da hatsi mai rangwame, buhu jaka 10, amma bai kai ko'ina ba, rabon kyauta kuma sai can cikin Agusta aka fara shi sosai. Makiyaya suna kawo saniya da ƙyar take tsayuwa, a taya ta kuɗin da bai kai na buhu ɗaya ba. A ƙauyuka mata sun koma ɗibar anza, su jiƙa ta kwana da kwanaki suna sauya ruwa don ɗacin ya fita, su haɗa da ganyen jiga da tafasa. A rediyo ana ta gardama ko yunwa za a kira ta ko ƙarancin abinci. Mu da ke bakin buhu muna ganin wuyan hannun matan da ke miƙo mana kwano. Ni kuwa a wannan shekarar na samu kuɗin da ban taɓa samu ba, na biya magada tas, har na sayi babur.

Akwai wata tsohuwa da ke zuwa kowace Lahadi, ranar da kasuwar Tawa take ci. Tun zamanin Kawu take zuwa, daga wani ƙauye da ke yamma da gari, a ƙasa take takowa tun asuba. Ɗanta yana Abijan, ya bar mata matarsa da ƴaƴa huɗu. Kuɗinta a ƙulle suke a bakin zane, ƙulli biyu, sai ta sa haƙori kafin ta kwance. Ƴan silalla ne da ta tara daga saƙar tabarma da sayar da itace. Tiya uku take saye, ba ta ƙarawa, ba ta ragewa. Inna nake ce mata, ita kuma ta ce mini ɗan Alhaji.

Wata Lahadi a cikin Yuli, na gama auna mata, na juye a ƙwaryarta. Maimakon ta ɗaure ta tashi, sai ta durƙusa ta sa hannu a cikin hatsin, tana ɗiba tana sakewa ta tsakanin yatsunta. Ba ta ɗago ta dube ni ba. Ta ce, "Ɗan Alhaji, in tambaye ka mana."

Na ce, "Ina ji, Inna."

Ta ce, "Hatsin bana ne ba shi da auki? Da, tiya ukun Alhaji tana kai mu har tuwon daren Asabar. Yanzu kunun safiyar Asabar ne ƙarshenta. Na ce ko hannun yarinyar nan ne ya yi nauyi wajen ɗiba, na karɓa na riƙa ɗiba da kaina. Haka dai."

Ta faɗa a hankali, yadda ko maƙwabcina bai ji ba. Ni kuwa bakina ya riga zuciyata. Na ce, "Wallahi Inna, hatsin bana duk haka yake, fara ta taɓa shi, ba nauyi." Na rantse da Allah a kan ƙarya, tiyar tana hannuna. Ta gyaɗa kai ta ce, "To, Allah ya kyauta." Na taimaka mata ta ɗora ƙwaryar a kai, ta tafi.

Lahadin da ta biyo ba ta zo ba. Ta gaba ma haka. Kuma don kada in yi wa kaina ado, a cikin waɗannan makonni biyu ban daina awo da tiyar nan ba. Abin da ya sauya kawai shi ne barci da salla. Surar da ta buɗe da azabar masu tauye awo, na hardace ta tun ina makarantar allo, ina karanta ta a salla ba tare da na taɓa jin da ni take ba. Yanzu in na zo kanta sai harshena ya sarƙe, in tsallake zuwa wata. In na zauna cin tuwo da dare, musamman daren Asabar, sai loma ta tsaya mini a wuya.

Matata ce ta fara ganewa. Wata rana ta kawo mini abinci rumfa, yaro ya ja tabarma, tiyar Kawu ta gangaro. Ta ɗauka, ta dubi wadda ke bakin buhu, ta kife su biyun a ƙasa gefe da gefe. Ba ta ce komai ba a gaban mutane. Da dare ta ce, "Malam, wannan ce ta sayi babur?" Na yi shiru. Ta ce, "Da ita muke ci, da ita nake shayar da yarinyar nan?" Sai ta fashe da kuka. Mun yi shekara shida da aure a lokacin, ban taɓa ganin ta juya mini baya ta kwana ba sai ran nan.

Da asuba na je wajen wani dattijon malami da Kawu yake ɗaukar karatu a wurinsa. Na yi zaton zai ba ni istigfari in ja, ko ya ce in yi azumi. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Abin da ke tsakaninka da Allah, ƙofarsa a buɗe take. Amma wannan hatsin mutane ne. Buhu nawa?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Ɗan kasuwa ne kai, ka sani. Je ka lissafa ka dawo."

Na zauna da littafi kwana biyu. Daga kaka zuwa ranar, buhun da na sayar da awo da wannan tiya ya kai 220. A kowane buhu na karɓi kuɗin tiya huɗu da ban bayar ba. Tiya 880 ke nan, buhu 22 cif. Da na rubuta adadin na dube shi, sai gwiwata ta yi sanyi. Ni da nake cewa ɗan damƙi ne. Buhu 22 a shekarar da ake cin anza. Na buɗe shafin Inna daban. Daga Maris zuwa Yuli ta zo sau 20, tiya 60, abin da na tauye mata ya kama tiya biyar da rabi.

Malam ya ce waɗanda na sani in mayar musu hannu da hannu, in kuma faɗa musu abin da ya sa, kada in bari su ɗauka kyauta ce su yi mini godiya a kan hakkinsu. Waɗanda ban sani ba, in fitar da nasu sadaka da niyyar ladan ya je musu. Na ce, "Malam, in na faɗa ai na mutu a kasuwa." Ya ce, "To zaɓi inda kake so a tona."

Na fara da Inna. Na ɗora rabin buhu a amalanken jaki, na ɗauki tiyar Kawu, na yi ta tambaya har na isa ƙauyen. Tun daga ƙofar gida na ga tabarmi a shimfiɗe a waje da ƴan tsofaffi zaune, na san zaman makoki ne. Ƙaramin jikanta ne, ɗan shekara biyu. Ya yi ta gudawa da zazzaɓi, jikinsa ya kumbura, suka kai shi inda likitocin ƙasashen waje suke kula da yara masu tamowa, amma an makara. Kwanansa biyar da rasuwa ranar da na je.

Na yi gaisuwa, na nemi ganin Inna. Ta fito zaure, ta rame har na kusa kasa gane ta. Na durƙusa a gabanta, na ajiye tiyoyin biyu a kife, na faɗa mata komai, har rantsuwar da na yi. Ina magana ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Da na gama sai ta ce, "Na sani, ɗan Alhaji. Tun zuwa na uku na sani. Hannuna ya san nauyin ƙwaryar nan shekara 20."

Na ce, "Inna, to me ya sa ba ki koma wata rumfa ba?"

Ta ce, "In koma ina? A can ban san kowa ba. A nan kuwa na san wanda ya rene ka. Na ce zai dawo."

Ta sa aka kwance buhun. Ta ɗauki tiyar Kawu da hannunta ta auna biyar, ta auna rabi, ta ce a ɗaure sauran in koma da shi. Na roƙe ta, na ce ko don yaran. Ta ce in sadaka nake so in yi, in zo wata rana daban, yau ranar biyan bashi ce. Sa'an nan ta ce, "Nawa na yafe maka, duniya da lahira. Na yaron kuwa ba ni da iko a kai, ga uwarsa can." Ta ɗaga murya ta kira ta. Matar ta zo bakin ƙofa, fuskarta a rufe da mayafi, ta tsaya. Na maimaita mata abin da na faɗa. Ta daɗe a tsaye, sa'an nan ta juya ta koma ciki. Ko kalma ɗaya ba ta ce ba.

Mutane da yawa da na ba wannan labari sukan yi saurin ce mini ai kwanan yaron ne ya ƙare, yara nawa suka mutu a shekarar a gidajen da ba su taɓa sayen hatsina ba. Na yarda ajali na Allah ne. Amma ni na san akwai darare 20 na Asabar da aka kwana ba a ɗora tukunya ba a gidan nan, kuma na san a aljihun wa tuwon ya shiga. Wannan ba wanda zai iya sauke mini shi da magana mai daɗi.

Biyan sauran ya ɗauke ni shekara uku. Na sayar da babur. Matata ta sayar da awakinta biyu da ƴan kunnenta na aure, ban roƙe ta ba, kawo mini kuɗin kawai ta yi ta ce, "A rage." Duk wanda na gane a littafi ko a fuska, in ya zo sai in ja shi gefe in ce, "Bara na tauye maka awo, ga hakkinka." Wasu suka yi mini addu'a. Wasu suka karɓa suka tafi, ban sake ganin su ba har yau. Wani dattijo ya tofar da yawu a gaban rumfata ya ce Alhaji ya bar baya da ƙura. Ban ga laifinsa ba. Wasu daga cikin abokan sana'a kuma suka ɗauke mini gaisuwa, domin da labari ya bazu mata sun fara kife tiya suna duba gindinta kafin a auna musu. Aka ce na ɓata kasuwa, aka ce neman suna nake. Akwai shekarar da ciniki ya mutu mini har na je tasha na tambayi kuɗin motar Agadas, da niyyar in wuce Libiya. Mahaifiyata ce ta hana.

Ba zan ce muku daga nan sai arziki ya buɗe ba, don ba haka aka yi ba. Cikin waɗanda muka fara tare akwai masu manyan motoci yanzu da ke ɗaukar albasar Galmi zuwa Abijan da Akara, ni har yau rumfa ɗaya ce da ɗan sito a bayanta. An kuma ci ni. Wani da muka yi shekara takwas muna hulɗa ya ɗauki kayan jaka 400 ya ɓace, da na same shi ya ce shi bai san zancen ba. Tun daga nan na koma bin abin da aya mafi tsawo a Alƙur'ani ta yi umarni da shi, wato a rubuta bashi a kafa shaidu. Yanzu ko ƙanena ne ya ɗauki kaya sai ya sa hannu, kuma ina ce masa ba don na raina shi ba ne, don kada shaiɗan ya samu wurin zama tsakaninmu ne. Wanda kuma na tabbatar ba shi da shi, ba na kai masa sammaci. Bashi hanji ne, ni ma na ɗanɗana.

Abin da ya dawo mini a hankali shi ne littafin Kawu. Ƴan bida suka ci gaba da zuwa, har da ƴaƴan waɗanda na tauye wa. Yanzu ba a jiran direba ya kawo wasiƙa da kuɗi a ƙunshe, ta waya ake turowa, mutum yana Tripoli ko Abijan ya kira ni ya ce, "Alhaji, na sa jaka 50, a kai wa tsohuwa buhu, canjin a ba ta a hannu." Wani bai taɓa ganin buhun da idonsa ba, ba zai kuma gani ba. In na ɗaure bakin buhun irin wannan, nakan ji wani abu a ƙirjina da riba ba ta taɓa ba ni ba. Mutum yana can yana ɗaukar bulo a rana a ƙasar da ba tasa ba, ya kwanta da dare hankalinsa kwance cewa uwarsa ta ci tuwo, saboda maganar da muka yi ta minti biyu.

Jarrabawar ba ta ƙare ba, kama kawai take sauyawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa takunkumi aka rufe iyakar Najeriya ta Konni da ta Benin, kayan da ke biyowa ta tashar ruwan Kwatano suka tsaya, shinkafa ta yi tashin gwauron zabi. Ina da buhu 70 a sito da na saya a tsohon farashi. Babban ɗana, wanda ya yi karatu a jami'ar nan ta Tawa, ya zauna ya yi mini lissafi a waya, ya ce, "Baba, in ka rufe sito wata ɗaya kawai, ka ga abin da za ka samu. Wannan ai ba tauye awo ba ne." Na san yana da gaskiya ta wani gefen, domin in na sayar a tsohon kuɗi ba zan iya mayar da ko buhu 50 ba, jarin kuma ba nawa ne ni kaɗai ba, akwai ajiyar mutane a ciki. Na kwana biyu ina juya abin. A ƙarshe ban rufe sito ba ko na yini ɗaya. Na ƙara kuɗi daidai yadda zan iya sayo wani, na hana kowa ɗaukar fiye da buhu ɗaya don kada ƴan sari su kwashe su ɓoye, waɗanda ke cikin littafi kuma da aka riga aka turo kuɗinsu na ba su a yadda muka yi magana. Har yau ina tambayar kaina ko ƙarin da na yi bai wuce kima ba. A kan tiya na san inda iyaka take, a kan farashi kuwa kullum sai na sake neman ta.

Ran nan ne na fito da tsohuwar tiyar daga ƙasan akwati na nuna wa ɗana, na ce ya kife ta ya shafa gindin. Na gaya masa rigar wa na shimfiɗa a kai.

Inna ta rasu da daɗewa, na samu jana'izarta. Ɗanta ya dawo daga Abijan ba lafiya, shi ma bai jima ba. Babban jikanta, yayan yaron da ya rasu, shi ne yanzu yake Libiya, kuma shekara huɗu ke nan ta hannuna yake aiko wa uwarsa. Ban san ko ta gaya masa ba, ni dai ranar da ya fara zuwa na gaya masa, ya ce ya ji, ya bar lambarsa.

Ita ce ke zuwa karɓa da kanta, Lahadin farkon wata. Ta tsufa yanzu, tana zuwa a bayan babur ɗin wani yaron ƙauyensu. Nakan tashi in gaishe ta, "Sannu da zuwa, Hajiya, ya hanya?" Ta amsa, "Lafiya lau," iyakarta ke nan. Ba ta yarda a ba ta buhu a ɗaure. Sai an kwance an auna a gabanta, tiya bayan tiya, tana zaune a kan benci tana ƙirgawa da leɓɓanta. Yarana sun san ba su ke auna mata ba. Ni nake durƙusawa in ɗauki tiyar Kawu, in cika ta har ta yi tozo, in juye, in sake cikawa, har 40. In na damƙi gyara zan ƙara, wani lokaci ta ɗaga hannu ta hana, wani lokaci ta bari. Wancan watan ta bari. Maganar da nake jira shekara 20 ba ta faɗe ta ba tukuna, ni kuma ban sake tambaya ba. Yaron ya ɗaure buhun a bayan babur, ta gyara mayafinta ta hau, suka bi ta cikin ƴan albasa suka fita.